Mijinyawa Mai Mazubin Ƙarfe

Mijinyawa mijin yayata ne, marigayiya Hajo. Ina aji biyu a sakandare aka ɗaura musu aure, tun daga ranar nake ce masa Yaya, har yau da furfura ta kama mu duka. In ka tambayi mutanen unguwarmu ta Yara mece ce sana'arsa, wasu za su ce kafinta ne, don kullum suna ganinsa da katako da zarto. Wasu za su ce maƙeri ne, don rigunansa duk hujin tartsatsin wuta ne. Shi kuwa in aka tambaye shi sai ya ce, "Mazubi nake yi." Mai tambaya ya gyaɗa kai ya wuce, bai gane komai ba.

Mahaifinsa tela ne a bakin kasuwar Keffi, babu maƙeri ko ɗaya a danginsu. Makarantar koyon sana'a ce ta kai shi Kaduna, aka sa shi ajin kafintoci. Wani malaminsu ya lura ba ya iya ƙyale kuskure ko da bai kai kaurin farce ba, sai ya haɗa shi da wani kamfanin narka ƙarfe. Aikinsa a can shi ne sassaƙa samfur. Duk abin da za a yi da narkakken ƙarfe, sai an fara sassaƙa siffarsa da katako, a danna ta cikin yashin da aka kwaɓa da yumɓu, a zare ta a hankali, sannan a kwarara ƙarfen cikin gurbin da ta bari. Shekara goma sha tara ya yi yana wannan aiki. Can aka kai masa Hajo, can aka haifi Nasiha da Izzuddeen. Da kamfanin ya rufe, ya kwaso iyalinsa da akwatin kayan aikinsa suka dawo gidan gado a Yara.

Ya buɗe ɗan shago a zaure yana yin ƙyamare da bencinan makaranta. Aikin yana kyau, amma ransa ba ya ciki. Hajo ta taɓa ce min, "Taufiq, mutumin nan gangar jikinsa ce kawai a Keffi."

Ana haka wata rana Rasaki ya shigo zauren neman ƙyaure. Rasaki makanike ne a Sabon Gari, Bayarabe ɗan asalin Ogbomoso, amma a Keffi ya tashi, Hausarsa har da ta zagi babu wadda bai iya ba. Yana cikin ciniki idonsa ya kai kan wani abu da ke rataye a bango, giyar inji ce mai haƙora, amma ta katako.

Ya ce, "Malam, wannan na wasan yara ne?"

Mijinyawa ya ce, "Samfur ne."

Rasaki ya saki maganar ƙyaure. "Ka yi aiki a gidan zubi?"

"Shekara goma sha tara."

"La ilaha illallahu! Shekara uku ina nemanka har Kano, ashe kana nan bayan gidana kana yi wa mutane ƙofa."

Ashe Rasaki ya gina tanderu a bayan garejinsa, da wani ƙaton bututu da ya tsayar ya shafe cikinsa da laka mai jure wuta. 'Yan jari-bola suna kawo masa matattun injinan mota da tsofaffin kekunan ɗinki, a farfasa su da guduma, a loda cikin tanderun tare da kwal, a kunna injin hura iska. Ranar Alhamis ake narkawa. Abin da ya fito sai a zuba shi dunƙule-dunƙule, kowane ɗaya daidai ɗaukar mutum guda, a sayar wa masu yin faifan injin niƙa a Kano da Anacha, su kuma su sake narkawa su yi abin da suke so.

A lokacin a ƙasa suke zubawa. Za a ja doguwar hanya cikin yashi, a tona ƙananan ramuka a jere a gefenta, ƙarfen ya bi ya cika su. Ma'aikatan Rasaki suna ce wa dunƙulen 'ya'yan alade, wai sun yi kama da masu shan nono a jikin uwarsu, kuma wai haka Turawa ma suke kiransu. Mijinyawa ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana yin alade ba. Ya sa musu suna bulo, sunan kuwa ya bi su.

Zubin ƙasa yana da matsala. Yashi yana manne wa bulon, masu saye suna ƙorafi, da damina kuma yashin ba ya bushewa. Sai Mijinyawa ya ce a yi mazubi na ƙarfe, kamar kwano mai tsawo, wanda za a zuba a juye, a sake zubawa a juye, ba sai an taɓa yashi ba. Ya sassaƙa samfur, suka zuba guda goma sha biyu. Satin farko Rasaki har rawa ya taka. Kafin a yi zubi talatin duk sun tsattsage.

Ni a Abuja nake aiki, ranar Asabar nake leƙa su. Wata Asabar na tarar da shi a zaure da tsagaggen mazubi a gabansa, ya tsura masa ido kamar mai duba mara lafiya. Na ce, "Yaya, ƙarfe ne fa, ya za a yi ƙarfe ya fasa ƙarfe?"

Ya ɗauko wata waya a ƙasa ya miƙo min. "Lanƙwasa. Miƙe ta. Sake." Na yi ta yi har ta karye a hannuna. Ya ce, "To ka gani. In narkakken ƙarfe ya sauka, cikin mazubin yana son ya buɗe, bayansa kuma da sauran sanyi, ya riƙe shi. In ya huce sai su koma. Kowane zubi lanƙwasa ɗaya ce. Ni aikina in sa ya daɗe bai karye ba."

Ya ba kowane sabon samfur lamba. A bangon gidan zubin yake jan layi da alli duk sanda aka zuba, ya ga wanne ya fi daɗewa. Na biyu ya ƙara masa kauri, ya fi na farko saurin fashewa. Na huɗu ya rage, zafi ya murɗe shi. Na shida ya yi masa haƙarƙari a baya, tsagar ta bi gindin haƙarƙarin. Shekara uku ana wannan.

A shekara ta huɗu abin ya faru. Damina ce, an yi ruwa da asuba, kwanon rumfar yana yoyo a wani wuri da ba wanda ya lura. Ruwa ya ɗiga cikin mazubi ɗaya a ƙarshen layi, ɗan kaɗan, bai kai cikin cokali biyu ba. Manasseh ne mai riƙe ludayin zuba, magidanci ɗan Akwanga mai 'ya'ya huɗu, wanda ya fi kowa tsayayyen hannu. Mijinyawa yana tsaye kusa da shi. Ƙarfen yana taɓa ruwan sai aka ji ƙara kamar ta bindigar toka, wuta ta watsu sama. Manasseh ya ƙone daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Mijinyawa ya tashi daga ƙasa jini na zuba a kunnensa na hagu, yana ganin bakin Rasaki na motsi amma ba ya jin komai.

Manasseh ya yi wata biyu a asibiti, ya warke, amma bai dawo ba, ya koma gona. Mijinyawa ya hau mota har Akwanga ya same shi. Ya ce, "Ni ya kamata in duba, ban duba ba." Manasseh ya ce, "Oga, ruwan Allah ne, ni ma ina da ido." Ya cika masa buhu da doya. Duk da haka Mijinyawa bai yafe wa kansa ba. Daga ranar ba a sake zuba ƙarfe a mazubin da ba a gasa shi da wutar itace ba, kuma sai ya bi layi ya shafa kowanne da tafin hannunsa.

Kunnen hagu ya tafi ke nan. Na dama ya rage kaɗan, shi ma ƙugin injin hura iska yana ta cin sa. Da farko yana zuwa majalisar ƙofar masallaci bayan la'asar kamar da. Sai ya zama a tambaye shi lafiyar iyali ya ba da amsar farashin katako, a kwashe da dariya. Ba da mugunta suke yi ba, amma shi mutum ne mai gudun abin kunya. Ya koma yana gaisawa daga nesa ya wuce, daga baya mutane suka saba da hakan.

Muryar Hajo ce kaɗai ba ta ɓace masa ba. Ta gane in ta zauna a damansa ta yi magana ƙasa-ƙasa da kauri, ya fi ji a kan a yi masa ihu. Masar sayarwa take soyawa da safe a ƙofar gida, ba ta taɓa taka gidan zubin ba, amma ta haddace lambobin nan kamar sunayen 'ya'yan maƙwabta. Duk Alhamis in ya dawo sai ta ce, "Malam, yau na nawa ne ya mutu?"

Wata Juma'a da hantsi yana zaune kusa da ita da guntun mazubi na goma a hannu, yana nuna mata inda tsagar take farawa, kullum daga kusurwa. Tana juya masar a tanda da tsinke ta ce, "Ni dai tandar nan tawa shekararta shida a kan wuta, ta ƙasa ce ma. Ka ga kusurwa a jikinta?"

Ya kalli tandar. Gurabunta duk zagaye suke, sumul. Ya ga yadda take shafa mai kafin kowane zubi, ya tuna bai taɓa ganin ta watsa mata ruwa da zafinta ba, sai ta bar ta ta huce don kanta. Ya tashi bai gama karin kumallo ba.

Na goma sha ɗaya ba shi da kusurwa ko ɗaya. Gindinsa kamar na ƙwarya, bakinsa a buɗe don bulon ya faɗo da kansa, kaurinsa ɗaya ko'ina. Maimakon mai, ya sa ana shafa masa farar ƙasa da aka dama da ruwa, a bar ta ta bushe ƙayau. Ya kuma hana ma'aikata watsa wa mazubai ruwa don saurin tashi daga aiki, har suka yi kwana biyu suna fushi da shi. Wannan ya kai zubi ɗari huɗu. Ranar da ya wuce ɗari uku Rasaki ya aiko wa Hajo da turmin atamfa, ya ce a kai wa injiniya.

Saura wuri ɗaya, kunnuwan da ake kamawa a juye mazubin. A nan siriri yake haɗuwa da mai kauri, a nan sabuwar tsagar ta koma. Yana kan na goma sha huɗu Hajo ta kwanta. Ciwon suga ne da ta daɗe tana ɓoyewa, ya taɓa ƙoda. Wata biyar ana kai da kawowa tsakanin gida da asibiti. Ta rasu wata Talata da azahar, yana zaune a gefen gadon. Nasiha ce ta taɓa shi ta nuna masa, don bai ji lokacin da numfashin ya tsaya ba.

Bayan sadakar arba'in kowa ya watse. Nasiha ta koma ɗakinta a Lafiya, inda take aikin jinya. Izzuddeen ya koma Abuja wurin gyaran wayoyinsa. Yaron kirki ne, yana aike, amma tun yana ƙarami ya tsani hayaƙin kwal, kuma uban bai taɓa tilasta masa ba. Gidan ya rage daga Mijinyawa sai kaji huɗu.

Ya koma wuni a Sabon Gari, har ranakun da ba a narka komai. Da rana matar Rasaki takan aiko da amala, tuwon Yarbawa, su zauna a kan tsohuwar kujerar mota su ci. Rasaki ya gaji da ihu, ya koma yi masa rubutu da alli a ƙasa, rabi Hausa rabi zane. Na taɓa samunsu suna musu mai zafi a kan kunnen mazubi, babu mai cewa uffan, wannan ya zana wancan ya goge da ƙafa.

Sai gari ya cim musu. Inda da ciyawa ce duk aka gina ɗakunan hayar ɗalibai, aka fara kai ƙarar hayaƙi. Ana cikin wannan Rasaki ya faɗi a gareji, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya karye. 'Yarsa Bukola ta zo ta ce za ta tafi da shi gida. Aka sayar da tanderun da duk kayan ga wani Godfrey, mai harkar tsofaffin ƙarafa, wanda ya ce zai kwashe su zuwa Gitata inda fili yake.

Kafin a kwashe, Mijinyawa ya roƙi a hura wuta sau ɗaya. Ya gama samfur na goma sha bakwai, wanda kunnuwansa suke fita daga jiki a hankali kamar reshe daga itace, babu inda kauri ya canza farat ɗaya. Aka zuba guda ashirin. Washegari aka sa Rasaki a mota. Mijinyawa ya leƙa ta taga ya riƙe hannunsa mai lafiya, ya ce, "Alhaji, sai na zo." Rasaki ya yi wata magana da ko masu kunne ba su gane ba.

Godfrey ba mugu ba ne. Baba yake ce masa, yana ba shi kujera a inuwa. Kowace Alhamis Mijinyawa yakan hau motar Gitata da sassafe, ya shafa mazubai, ya ja layinsa a sabon bango. Amma ma'aikatan sababbi ne, da Turancin kasuwa suke hira, kuma ba su san shi ba sai a matsayin tsohon nan kurma mai hana a watsa ruwa. Yakan ci abincinsa shi kaɗai a gindin mangwaro. A sati akan yi zubi da yawa yanzu, don Godfrey ya ƙara ranaku, sai ya sa wani ya riƙa ja masa layin ranakun da ba ya nan.

Wata Asabar da yamma sai ga shi a gidana, abin da bai saba ba. Ya sa farar riga, yana riƙe da kwali. Ya ce, "Taufiq, kira min Alhaji a wayar nan taka mai nuna fuska."

Bukola ta ɗauka. Ta ce, "Kawu, ina wuni? Ga Baba nan." Ta juya wayar. Rasaki yana kan kujera, ya rame, an rufa masa zane a ƙafa. Mijinyawa ya ɗaga kwalin saitin wayar. Da gawayi ya rubuta: 17, a ƙasa kuma 1000.

Ya ce da ƙarfi, don ba ya jin muryar kansa, "Alhaji, dubu! Ko ɗaya bai tsage ba!"

Rasaki ya daɗe yana kallo. Sai bakinsa ya karkace, ya ɗaga hannun hagu ya dunƙule, yana girgiza shi. Ya yi ta ƙoƙarin magana. Mijinyawa ya juyo gare ni, "Me ya ce?" Na tambayi Bukola, ta ce ita ma ba ta gane ba. Suka zauna suna kallon juna ta cikin waya kusan minti goma, har hoton ya tsaya cak. Wata bakwai bayan haka Bukola ta kira ni ta ce Baba ya cika. Ni na rubuta wa Yaya a takarda. Ya karanta, ya yi salati, ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya shiga ɗaki.

Ba a daɗe ba Godfrey ya same shi cikin ladabi. Ya rubuta masa a waya ya nuna masa: Baba, hanya ba kyau, ka huta a gida, in wani ya tsage zan aiko. Gaskiya ya faɗa, babu abin da ya rage a gyara. Sau ɗaya ya aiko cikin shekara biyu, shi ma mota ce ta taka mazubin.

Na ji labari yanzu akwai irin mazubin a gidajen zubi biyu a Suleja, wani ya auna na Gitata ya kwaikwaya. Na samo hoton na kai masa, ina zaton zai yi fushi. Ya sa tabarau ya duba, ya ce, "Sun rage wa kunnen nama. Ba zai kai ɗari shida ba." Ya miƙo min hoton ya ce, "Da sun zo sun tambaya ai da na nuna musu."

Izzuddeen ya saya masa na'urar ji. Ya sa ta sati guda ya cire, ya ce ƙarar acaɓa kawai take kawo masa, ba ta kawo magana. Mu'mina, matar maƙwabcinsa, ita ke aiko masa da tuwo. Nasiha kuma ta gyara masa ɗaki a Lafiya, har da fanka.

Asabar ɗin da ta wuce na je. Na tarar da shi a bakin zaure, ya bar ƙofa a buɗe, yana kallon hanya. Na rubuta masa cewa Nasiha ta sake kira a kan maganar komawa. Ya karanta ya ce, "Bayan Sallah." Bara ma abin da ya ce ke nan. Na rubuta: Yaya, me kake kallo a titi tun ɗazu?

Ya ce, "Lokaci. In na ga Malam Shamsuddeen ya fito yana gyara hula, to an kira salla."

Muka zauna. Can sai ga Malam Shamsuddeen, ladan na biyu a masallacinmu, ya fito daga lungu. Yaya ya jawo takalmansa, ya kulle zauren, muka bi bayansa.